Portsmouth a Kakar 2007/2008: Kofin da Kanu Ya Ciwo da Bashin da Ya Biyo Baya

 Yau za mu leƙa kudancin Ingila, mu duba kakar wasa guda ta wata ƙungiya da ba kasafai ake jin sunanta a gidajen kallo ba yanzu, wato Portsmouth. Duk wanda ya bi ƙwallon Ingila a 2008 zai tuna ta, domin a rigarta ne Nwankwo Kanu ya ci ƙwallon da ta kawo musu kofin FA. Abin da ba kowa ya bi sawu ba shi ne yadda aka haɗa waccan tawaga, da abin da ya sami ƙungiyar bayan an gama shagali.

Portsmouth birni ne na bakin teku, matattarar sojojin ruwan Birtaniya. An kafa ƙungiyar a 1898, magoya bayanta suna kiran ta Pompey, filinta kuma Fratton Park bai wuce cin mutum dubu 20 da ɗan ɗoriya ba. Tana da tsohon tarihi. Ta ci kofin FA a 1939 bayan ta doke Wolves da ci 4-1, sai yaƙin duniya na biyu ya tsayar da gasar, kofin ya zauna a hannunta har 1946. Ta zama zakarar Ingila sau biyu a jere, a 1949 da 1950. Daga nan aka shiga dogon fari, ba ta ɗanɗana gasar Firimiya ba sai a 2003, ƙarƙashin koci Harry Redknapp.

Al'amura sun canja a 2006, lokacin da attajiri Alexandre Gaydamak ya sayi ƙungiyar. A shekarar aka ɗauko gola David James, da tsohon mai tsaron bayan Arsenal Sol Campbell, da Kanu wanda West Brom ta faɗi da shi daga Firimiya, da Niko Kranjcar ɗan Kuroshiya. Da bazarar 2007 ta zo, aka ƙara buɗe bakin aljihu: Sulley Muntari ɗan Ghana daga Udinese ta Italiya, John Utaka ɗan Najeriya daga Rennes ta Faransa, Papa Bouba Diop ɗan Senegal daga Fulham, sai Sylvain Distin da Hermann Hreidarsson da David Nugent, aka kuma mallaki Glen Johnson daga Chelsea. Tawaga ce ta ƙarfafa masu jiki, da yawansu sun kwana biyu a fili, kuma albashinsu irin na manyan ƙungiyoyi ne.

Gasar Firimiya ta zo musu da abin mamaki. A ranar 29 ga Satumba 2007 suka doke Reading da ci 7-4 a Fratton Park, Benjani ɗan Zimbabwe ya ci uku shi kaɗai. Ƙwallo goma sha ɗaya a wasa guda, ba a taɓa ganin irin haka a Firimiya ba. Sai dai daga wannan rana har shigowar sabuwar shekara, ba su sake zura ƙwallo a gidansu a gasar ba. A waje kuwa sai cin wasa suke a jere. Sun je Newcastle sun ci 4-1, sun je gidan Aston Villa sun ci 3-1, inda Muntari ya ɗaɗa biyu daga nesa. Dalilin a fili yake. Tsarin Redknapp ya fi dacewa da a kawo musu hari su tare, su kwace su ruga. A gida, inda baƙi suke ja da baya su toshe ƙofa, sai dabara ta ƙare musu. A kofin League kuwa tafiyar ba ta yi nisa ba, Blackburn ta fitar da su a zagaye na huɗu.

Watan Janairun 2008 ya zo da nasa gwajin. Gasar cin kofin Afirka da aka yi a Ghana ta ɗauke Kanu da Utaka da Muntari da Diop a lokaci guda. A kasuwar 'yan wasa ta watan aka sayar da Benjani ga Manchester City, aka ɗauko Jermain Defoe daga Tottenham, da Lassana Diarra daga Arsenal, da Milan Baros a matsayin aro daga Lyon. Defoe ya fara cin ƙwallaye nan take, amma akwai cikas: ya riga ya buga wa Tottenham kofin FA a kakar, kuma a wancan lokaci doka ba ta yarda ɗan wasa ya buga wa ƙungiya biyu gasar a kaka ɗaya ba. Wannan doka ce ta bar wa Kanu gurbin gaba a wasannin kofi.

Tafiyar kofin ba ta zo da sauƙi ba, ko da yake yawancin abokan karawar daga rukuni na biyu suke. Sun ci Ipswich ɗaya mai ban haushi. Plymouth ta fara cin su a Fratton Park kafin su farke su ƙara, aka tashi 2-1. A gidan Preston, David James ya tare fenariti, sannan a daƙiƙun ƙarshe ɗan wasan Preston ya ci gidansu. Da ƙyar aka sha.

Sai ƙuri'a ta haɗa su da Manchester United a Old Trafford, ranar 8 ga Maris. United ta lokacin ita ce ta Cristiano Ronaldo da Rooney da Tevez, wadda ta ƙare kakar da kofin Firimiya da na Zakarun Turai. Ta yi wa Portsmouth ruwan hare-hare. Glen Johnson ya fitar da ƙwallo daga kan layi, Distin ma ya fitar da wata, bugun Evra ya daki turke. Gola Van der Sar ya fita da rauni a hutun rabin lokaci, Kuszczak ya canje shi. Saura minti goma sha biyu a tashi, Baros ya samu kansa daga shi sai gola, Kuszczak ya kayar da shi, alƙalin wasa ya ba da fenariti da jan kati. Ba sauran gola a benci, sai Rio Ferdinand ya sa safar hannu ya shiga raga. Muntari ya buga ta shige. Wannan ƙwallo ita ce ta cire United daga kofin FA a shekarar da ta ɗauki manyan kofuna biyu.

A shekarar manya duk sun zube. Barnsley ta fitar da Liverpool, ta kuma fitar da Chelsea. Cikin ƙungiyoyi huɗun da suka kai wasan kusa da na ƙarshe, Portsmouth ce kaɗai daga Firimiya. A Wembley, ranar 5 ga Afrilu, Kanu ya ci tsohuwar ƙungiyarsa West Brom daga kusa da raga, aka tashi 1-0. Daga nan hankalin 'yan wasa ya koma kan kofi, har suka sha kashi a wasanni huɗun ƙarshe na Firimiya, ciki har da na ranar rufewa, wanda Fulham ta ci a Fratton Park ta tsira daga faɗuwa. Duk da haka sun ƙare a mataki na takwas da maki 57, matsayin da ba su taɓa kaiwa ba a Firimiya.

Wasan ƙarshe ya kama ranar 17 ga Mayu, da Cardiff City, gaban 'yan kallo kusan dubu 90. Redknapp ya sa Kanu shi kaɗai a gaba. Tun da farko ya yanke gola ya buga, ƙwallo ta daki turke. A minti na 37 Utaka ya kwaso ta daga dama ya aiko ƙasa-ƙasa, gola Peter Enckelman ya kasa riƙewa, Kanu ya tura ta raga. Cardiff ta zura ɗaya kafin hutu, alƙali ya soke saboda taɓa hannu. Haka aka tashi. Da tsohuwar zuma ake magani: James yana da shekara 37, Campbell 33, Kanu kuma 31, mutumin da aka yi wa aikin zuciya a 1996 har wasu suka ɗauka ya gama ƙwallo. Wasa shida suka buga a gasar, ƙwallo ɗaya tak aka zura musu. Tun daga Everton a 1995, ba wanda ya ɗaga kofin in ba Arsenal ko United ko Chelsea ko Liverpool ba, sai su.

To amma kayan aro ba ya rufe katara. Kuɗin da fili mai cin mutum dubu 20 yake kawowa, ko an haɗa da kason talabijin, ba zai ɗauki albashin irin waɗannan 'yan wasa ba. Giɓin ana cike shi ne da rance da aljihun mai ƙungiya, kuma a 2008 tattalin arzikin duniya ya shiga ruɗani, kuɗin Gaydamak ya daina zuwa. Wata biyu bayan kofi Muntari ya tafi Inter Milan. Redknapp ya koma Tottenham a watan Oktoba. An samu dare ɗaya na alfahari a Nuwamba, lokacin da suka yi 2-2 da AC Milan a kofin UEFA, Kanu ya ci ɗaya. Sai aka ci gaba da sayarwa: Diarra zuwa Real Madrid, Defoe zuwa Tottenham, Johnson zuwa Liverpool, Distin zuwa Everton.

A kakar 2009/2010 ƙungiyar ta ratsa hannun masu ita har huɗu, albashi ya riƙa makara, hukumar haraji ta kai ƙara kotu. A watan Fabrairun 2010 aka miƙa ta ga masu kula da kamfanonin da suka kasa biyan bashi, ita ce ta farko da hakan ya faru da ita a Firimiya. Bashin ya haura fam miliyan 100. Aka zabtare mata maki tara, ta ƙare ta ƙarshe a teburi. A hakan ma ta sake kai wa wasan ƙarshe na kofin FA, Chelsea ta ci ta 1-0 da bugun tazarar Drogba. Ta sake durƙushewa a 2012, kuma a 2013 ta tsinci kanta a rukuni na huɗu. Cikin waɗanda suka yi asara akwai ma'aikatan da aka sallama da ƙananan 'yan kasuwar garin da suke bin ƙungiyar kuɗi, mutanen da ba su da hannu a sayen ɗan wasa ko ɗaya.

Magoya baya ne suka cece ta. Sun haɗa kuɗi suka saye ta a Afrilun 2013, suka riƙe ta har ta ci rukuni na huɗu a 2017, sannan suka sayar wa Michael Eisner, tsohon shugaban kamfanin Disney. Sai a 2024 ta dawo rukuni na biyu.

Tambayar da wannan tarihi ya bari ita ce: kofin ya biya kuɗin sabulu? Akwai mai cewa ƙungiyoyi nawa ne suka yi kaffa-kaffa da kuɗinsu shekara da shekaru ba su ga Wembley ba, alhali mutanen Portsmouth sun jira shekara 69 tsakanin kofi da kofi, kuma ba mai ƙwace musu ranar. Akwai kuma mai cewa waɗanda suka ciwo bashin sun kama gabansu, aka bar wa garin biya. A ganina 'yan wasan sun ci kofinsu da guminsu, wanda ya ga wasan Old Trafford ba zai musa ba. Laifin yana wuyan shugabannin da suka ɗora wa ƙaramar ƙungiya albashin da kuɗin shigarta ba zai iya ɗauka ba, da hukumomin gasar da suka bari ta riƙa sauya hannu ba tare da sun tantance masu sayen yadda ya kamata ba.

Ku fa, wane ɓangare kuka ɗauka? Muna jiran ra'ayoyinku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.