Bin Sawun Kaka Cikin Rajistar Sojan Ingilishi: Matsalar Suna da Rubutu

A gidaje da dama na kudancin Nijar, daga Ƙonni har Magarya, akan tarar da wata lamba ta azurfa ko ta tagulla ajiye cikin adaka, a ce ta kaka ce wanda ya yi sojan Ingilishi. Sau da yawa iyakar abin da jikoki suka sani ke nan. Wanda ya yi niyyar bin sawun irin wannan soja cikin takardu, abin da zai fara tare masa hanya shi ne sunan mutumin, domin wanda magatakardan bariki ya rubuta ba safai yakan zo daidai da wanda aka san shi da shi a gida ba.

Shigar Hausawa sojan ƙasa na Ingilishi ta samo asali tun 1863, sa'ad da John Glover, mai riƙe da mulkin Ikko, wato Legas, ya tara wata ƴar ƙungiya mai ɗauke da bindiga, mafi yawanta bayi ne da suka kuɓuce wa iyayengijinsu. A 1897 aka ɗora wa Lugard kafa rundunar tsaron Afirka ta Yamma, wadda ta ci Kano da Sakkwato a 1903. Sojojinta sun yi yaƙi a Togo da Kamaru da Afirka ta Gabas tsakanin 1914 da 1918, sa'an nan runduna ta 81 da ta 82 suka je Bama daga 1943 zuwa 1945.

To, me ya kai talakan Faransa cikin wannan runduna? Iyakar da yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906 suka shata ta raba ƙasar Hausa biyu, amma ba ta hana zirga-zirga ba. A ɓangaren Faransa an kafa dokar ɗaukar soja da tilas a 1912, aka ƙarfafa ta a 1919, aikin dole kuma bai ƙare ba sai 1946. A ɓangaren Ingilishi kuwa, bisa doka dai, sai wanda ya kawo kansa ake ɗauka, ko da yake lokacin yaƙi sarakuna sun matsa wa talakawansu. Saboda haka saurayin da ya gudu daga haraji ko aikin dole, ko ya tafi cin rani bai samu abin yi ba, ƙofar bariki a buɗe take gare shi.

A nan ne batun suna yake tasowa. Al'adar bariki ita ce a rubuta sunan yanka, a liƙa masa sunan gari ko na ƙabila a madadin sunan uba. Shahararren misali shi ne Alhaji Grunshi na rundunar Gwalkwas, wanda ake cewa shi ne sojan Ingilishi na farko da ya harba bindiga a yaƙin 1914, a Togo: Grunshi sunan ƙabila ne. Kalmar "Hausa" ma, a bakin hafsoshi, takan haɗa duk mai jin Hausar bariki, ko Bazabarme ne ko Babarbare. Sa'an nan mutumin Maraɗi da aka tambaya ƙasarsa ya ce Katsina, bai yi ƙarya ba, tun da sarautar Maraɗi ta Katsinawan da suka ƙaura bayan jihadi ce. Haka mutumin Tsibiri zai ce Gobir. Mai bincike da ya tsaya neman kalmar Maraɗi kaɗai cikin rajista, lalle zai wuce kakansa bai gan shi ba.

Matsala ta biyu ta rubutu ce. Magatakarda ya rubuta abin da kunnensa ya ji, da ƙa'idar Ingilishi. Muhammadu yakan koma Momodu ko Mamadu, Garba ya koma Garuba, Usman ya koma Osumanu. Baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba su zaunu cikin boko ba sai shekarun 1930, balle su shiga rajistar soja. Jikan kuwa, wanda ya yi karatu da Faransanci, Moussa da Ousmane ya saba rubutawa, kuma da su zai nema. Suna ɗaya ke nan da rubutu uku: na bariki, na Faransanci, da na ƙa'idar yau. Duk mai tsara aikin yaƙi da jahilci ya san wannan wahala ta wata fuska.

Harshe dai yana da nasa taimakon. In tsofaffin gida suka ce kaka ya kai muƙamin kofur ko samanja, alama ce ta barikin Ingilishi. In suka ce kafaran ko lajidan, to wajen Faransa za a nufa. Irin waɗannan kalmomin aro sukan fi shekarun da ake faɗi da baki abin dogara.

Abin da ya fi suna ƙarfi shi ne lambar soja. Lambobin girma na yaƙin 1914 ana buga lambar mutum da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa a jikinsu, galibi a gefe. Na yaƙin 1939 kuwa, har da Tauraron Bama, haka aka raba su ba suna, sai dai a koma ga takardar sallama in ta tsira daga gara. Da lambar a hannu ana iya duba katunan lambobin girma a ma'ajiyar takardun Ingila da ke Kew, cikin jerin WO 372, da littattafan da kowace bataliya take rubuta aikinta na kullum, WO 95 na yaƙin farko da WO 172 na fagen Bama. Kada a sa rai da yawa ga waɗannan littattafai: suna ambaton hafsoshi da suna, ƙananan sojoji kuwa sai a ƙidaya. Amfaninsu shi ne su nuna inda bataliya take a rana kaza, ko a Mahiwa cikin Oktoba 1917, ko a kwarin Kaladan a 1944. Mai neman kakansa Bature ma bai huta ba, domin gobarar da bom ya tayar a Landan cikin Satumba 1940 ta cinye fiye da rabin takardun sojojin yaƙin farko. Na sojan Afirka kuwa a ƙasashen mulkin mallaka aka riƙe su, don haka ma'ajiyar Kaduna tana cikin wuraren da ya kamata a leƙa.

Wanda bai komo gida ba, akan nemi sunansa wurin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila. A maƙabartar Taukkyan, kusa da Rangun, an sassaƙa sunayen sojoji kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da na Afirka ta Yamma. Amma rahoton da hukumar ta fitar a 2021 ya yarda cewa aƙalla mutum 116,000 na yaƙin farko, mafi yawansu ƴan Afirka, ba a tuna da su da suna ba, ko ma ba a tuna da su sam. Rashin suna a dutse bai isa ya ƙaryata labarin gida ba.

Waɗanda suka je Bama sun kusa ƙarewa, ƴaƴansu ma sun manyanta. Mai ɗaukar labari daga bakinsu ya kamata ya rubuta sunan yanka da laƙabi da sunan uba da garin haihuwa da ƙa'idar yau, ya kwafe abin da ke jikin lamba baƙi bayan baƙi ba tare da gyara ba, ya kuma tambayi sunan da abokan bariki suke kiran mutumin da shi.