Daga Tudun Ƙanƙara Zuwa Disneyland: Tarihin Jirgin Hawa da Gangara

Waɗanda suka yi boko da Faransanci sun san cewa jirgin nan na wasa mai hawa da gangara "duwatsun Rasha" ake ce masa. Sunan yana da asali. Tun ƙarni na 17 mutanen Rasha kan gina tudun katako da sanyi, su kwarara masa ruwa ya daskare, sannan su sulalo daga ƙololuwarsa. Faransa ba ta da irin wannan sanyi, sai aka sa wa abin hawan ƙafafu, aka buɗe irinsa a Paris a 1817. Abin dariya, su Rashawa yau "duwatsun Amurka" suke kiransa.

Kuma suna da hujja. A 1827 aka shimfiɗa dogo a jihar Pennsylvania don sauko da kwal daga dutse, alfadarai na mayar da taragun sama. Sannu a hankali mutane suka fara biyan kuɗi a gangaro da su. A 1884 LaMarcus Thompson ya gina na wasa zalla a Coney Island ta New York, gudunsa kimanin kilomita 10 a awa. Jaki mai ƙoshi ma zai yi tsere da shi.

Mai karatu ya sani, mafi yawan jiragen nan ba su da inji a jikinsu. Sarƙa ce ke jan su zuwa tudun farko, daga nan nauyinsu ke tafiyar da su, shi ya sa tudun farko ya fi na bayansa tsawo. A 1919 John Miller ya ƙara ƙafafun da ke riƙe dogon ta ƙasa, don kada tarago ya tashi sama. A ganina wannan ita ce babbar hikimar sana'ar, domin ita ta ba magina damar tsananta gangara ba tare da sun zubar da bayin Allah ba.

Walt Disney kuwa bai ƙaunaci wuraren wasan zamaninsa ba, saboda ƙazanta da hayaniyarsu. Ya so wurin da uba zai shaƙata tare da ƴaƴansa. Ya ci bashi a kan inshorar rayuwarsa, gidan talbijin na ABC ya zuba jari, aka kashe dala miliyan 17 a filin da dā gonakin lemu ne a Anaheim. Ranar buɗewa, 17 ga Yuli 1955, ba ta yi kyau ba: tikitin jabu ya ninka jama'a, sabuwar kwalta tana kama takalman mata, famfunan sha babu ruwa. Jirgin gangara kuwa babu ko ɗaya.

Sai a 1959 aka gina Matterhorn, kwaikwayon wani dutse da ke iyakar Suwizalan da Italiya. Dogonsa bututun ƙarfe ne, ba katako ba, kuma bututu yana lanƙwasuwa duk inda aka so. Daga nan manyan jiragen ƙarfe na yau suka samo tushe.

Nasarar ta jawo masa abin da ya guda: otal-otal da shaguna suka yi wa Disneyland zobe. Sai ya sayi kusan hekta 11,000 a Florida a asirce, da sunayen wasu kamfanoni, don kada farashi ya tashi. Ya rasu a Disamba 1966, aka buɗe Walt Disney World ranar 1 ga Oktoba 1971, ƙarƙashin jagorancin wansa Roy.