Wasan alkafura: tsakanin masu bincike da masu horarwa

Wasan alkafura, wanda Hausawan Damazin da Mai Wurno ke ji ana kira jumbaz da Larabci, na Nijar kuma jimnastik, yana ƙarƙashin hukumar duniya ta FIG da aka kafa a 1881. Wasa ne da ake shiga tun ana yara, kuma tarihinsa ya nuna cewa binciken masana kan daɗe kafin ya isa filin horo. Sau da yawa sai wani ya ji ciwo tukuna.

Misali mafi bayyana shi ne dokin tsallake. Tsohon dokin siriri ne, faɗinsa kusan santimita 35. A 1988, a Tokyo, ƙafar Julissa Gomez 'yar Amurka ta zame daga katakon tashi, kanta ya bugi dokin, jikinta ya shanye, ta rasu a 1991. Bayan haka aka wajabta kewaye katakon da katifa, amma dokin kansa bai canza ba sai a gasar duniya ta 2001 a Beljiyam, inda aka kawo teburi mai faɗin kusan santimita 95. Shekara 13 ke nan, jinkirin da ke da wuyar kārewa.

Sai batun ƙashin yara. A ƙarshen ƙashin hannu, dab da wuyan hannu, akwai guringuntsin da ƙashi ke tsawo daga gare shi. Yawan dogara nauyin jiki a kansa na kawo ciwo, wani lokaci har ya tsayar da girman ƙashin. Magani shi ne hutu da rage maimaici, abin da mai horarwa da gasa ke gabansa ba ya son ji. Wannan ya shafi har yaron da ke alkafura a yashin bakin kogi: in wuyan hannu ya daɗe yana ciwo, a duba shi. Tun 1997 mace ba ta shiga gasar manya sai a shekarar da za ta cika 16, alhali Nadia Comaneci na da 14 lokacin da ta yi fice a 1976.

A Birtaniya, bayan rahoton Whyte na 2022, an hana masu horarwa auna nauyin 'yan wasa.

Su ma masanan kan saɓa. An yi wa Kaylia Nemour tiyata a gwiwoyi biyu a 2021. Likitanta ya amince ta koma horo, hukumar Faransa ta ƙi. Ta koma wakiltar Aljeriya, ƙasar mahaifinta, ta ci zinare a Faris a 2024, lambar Olamfik ta farko da Afirka ta samu a wannan wasa.