Abin da Ya Riƙe Dadin Kowa: Nazari kan Igiyar Zumunci a Jos

Duk wanda ya san Jos kafin 2001 ya san cuɗanya ba ta yi wa garin ƙaranci ba. Tun da Turawa suka buɗe haƙar kuza a farkon ƙarni na 20, Birom da Afizere da Anaguta suka wayi gari da Hausawa da Fulani da Ibo da Yarabawa a gefensu. Gidan haya ɗaya, famfo ɗaya, tuwon sallah ya tsallaka katanga, shinkafar Kirsimeti ta dawo. Amma ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 gari ya kama da wuta, cikin mako guda aka rasa rayuka kusan dubu. In sanin juna kaɗai ke hana faɗa, da Jos ba ta ƙone ba.

Tushen rikicin sananne ne: gardamar ɗan ƙasa da baƙo, takardar shaidar asali, da kujerar ƙaramar hukumar Jos ta Arewa da gwamnatin Babangida ta ƙirƙira a 1991. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, wuta ɗaya ce, amma ba kowace unguwa ta ci ba.

Ashutosh Varshney, a bincikensa na 2002 kan biranen Indiya, ya raba mu'amala gida biyu. Akwai ta yau da kullum, wato gaisuwa da biki da ta'aziyya. Akwai kuma wadda aka ɗaure da ƙungiya, irin ta 'yan kasuwa da ma'aikata, inda kowa ke da abin asara in zaman ya ɓaci. Ta biyun ce, in ji shi, ke jure girgiza.

Jos ta ƙara wani abu a kan wannan. Mai bincike Jana Krause ta kwatanta unguwanni biyu masu gaurayen Musulmi da Kirista: Anglo Jos, wadda aka gwabza a cikinta a Janairun 2010, da Dadin Kowa, wadda ta tsira a rikice-rikicen 2008 da 2010. Mutanen Dadin Kowa ba su fi kowa son juna ba. Akwai zargi, akwai tsoro. Sai dai dattawa da limamai da fastoci sun zauna sun yi alkawari, matasan ɓangarorin biyu suka riƙa sintiri tare, mata kuma suna kai rahoton duk take-taken da ba su yarda da su ba. Mafi nauyi shi ne kowane ɓangare ya iya tsawata wa nasa 'ya'yan, ya kuma hana 'yan waje shigowa da sunan taimako. A ganina nan ne gizo ke saƙar. Gadar da ke tsakanin masallaci da coci ba ta da amfani in liman ba ya iya ce wa yaron unguwarsa ya ajiye adda, ya ajiye. Ashe zumuncin cikin gida, wanda ake yawan zargi da haifar da ƙabilanci, shi ne ƙafar da zumuncin waje ke tsayawa a kai.

Haka wayar salula take. Jita-jitar da ke tashin unguwa ta cikinta take bi, kuma ta cikinta ake kashe ta, muddin mutum na da lambar wani a ɗaya ɓangaren wanda zai kira ya ce, "Malam, gaskiya ne abin da muke ji?" ya kuma yarda da amsar.

Irin waɗannan lambobi ne ke ƙarewa. Bayan kowane rikici mutane sun sayar da gidaje ko sun yi musaya, Musulmi suka tattare a irin su Unguwar Rogo da Gangare, Kirista a Unguwar Rukuba da Jenta Adamu. Babbar kasuwar Taminus, inda kowa ke gogayya da kowa, ta ƙone a Fabrairun 2002, aka shafe sama da shekara ashirin ba ta koma yadda take ba. Yaron da aka haifa a shekarar gobarar yanzu magidanci ne, kuma mai yiwuwa bai taɓa zama aji ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba.

Inda igiyar ba ta tsinke ba shi ne inda ciniki ya tilasta. A kasuwar Farin Gada, manomin da ya kawo kabeji da karas da dillalin da zai loda su zuwa kudu har yanzu suna ba juna bashi a kan amana, kuma kowannensu na riƙe da lambar ɗan'uwansa.