Tarihin Sarrafa Numfashi a Ƙasar Indiya

Al'adar sarrafa numfashi da gangan, wadda a harshen Sanskirit ake kira firanayama, wato miƙar da numfashi ko riƙe linzaminsa, ta daɗe a ƙasar Indiya, domin malamin nan Patanjali ya sanya ta mataki na huɗu cikin matakai takwas na yoga, bayan gyaran hali da daidaita zama. A ƙarni na 15 ne Swatmarama ya fayyace hanyoyinta a littafinsa Hatha Yoga Pradipika, ciki har da wadda mutum yake toshe ƙofar hanci ɗaya da yatsa, ya shaƙi iska ta ɗayar, ya riƙe ta a ƙirji na ɗan lokaci, sannan ya sake ta sannu a hankali ta ɓangaren da ya toshe. Manufar magabatan dai ibada ce da tsarkake zuciya, lafiyar jiki kuwa riba ce ta gefe. Lamarin ya sauya salo a 1924, lokacin da Swami Kuvalayananda ya kafa cibiyar Kaivalyadhama a garin Lonavla, inda aka shiga auna numfashin masu wannan horo da na'urori, abin da ya buɗe wa al'adar ƙofar asibitoci da makarantu.