Dankalin Da Ba Na Turawa Ba Ne

A kasuwannin Jos da Kano sunansa dankalin turawa, amma Bature bai san shi ba sai a ƙarni na 16, bayan Sifaniyawa sun ci daular Inka da yaƙi. Masu shi na ainihi manoman tsaunukan Andes ne, a kewayen tafkin Titikaka da ke tsakanin Peru da Bolibiya. Su suka ɗauko shi daga daji suka mai da shi abin noma, shekaru 7,000 ko fiye da suka wuce. Binciken ƙwayoyin gado da David Spooner da abokan aikinsa suka wallafa a 2005 ya nuna tushensa ɗaya ne, a kudancin Peru.

Daga wannan tushe aka samu iri sama da 4,000: ja, baƙi, shuɗi, rawaya, dogo, dunƙulalle. Al'ada ce ta haifar da su. Manomin ƙabilar Kecuwa ta Andes ba ya shuka iri guda. Gauraya su yake a gona ɗaya, abin da suke kira chaqru, don in sanyi ya kashe wannan, wancan ya tsira. Ƙwari na kai barbara daga fure zuwa fure, sabon iri ya tsiro da kansa, matan gida su ɗanɗana, in ya yi musu su ware shi su raɗa masa suna. Akwai wanda ake ce wa mai sa matar ɗa kuka, saboda tsabar lungunansa: da ferayarsa ake gwada hannun amarya. Can ƙololuwa kuma, inda raɓa ke daskarewa, masu ɗaci ne ke jurewa. Ana baza su sanyin dare ya kama su, a tattake da ƙafa, rana ta busar, su zama chuño da ke shekaru a rumbu.

Kaɗan ne daga wannan arziki ya tsallaka teku, kuma yawancin dankalin da duniya ke nomawa yau jininsa na komawa ga irin kudancin Chile, musamman tsibirin Chiloé. An ga haɗarin ƙarancin iri a ƙasar Ailan: talakawanta sun dogara kusan kacokan kan iri ɗaya, Lumper. Da cutar ruɓa ta sauka a 1845, ga sakacin gwamnatin Birtaniya, aka yi yunwa, mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu.

Cibiyar Dankali ta Duniya da aka kafa a Lima a 1971 ta tara dubban iri a ma'ajiyarta, kuma aiki ne mai kyau. Sai dai irin da ke ajiye ba ya koyon sabon yanayi. A gona yake koyo. Shi ya sa yarjejeniyar 2004 take da nauyi: cibiyar ta mayar wa ƙauyukan Gandun Dankali, kusa da Pisac a jihar Cusco, iri wajen 400 da aka taɓa karɓa a yankinsu. A 2015 manoman da kansu suka kai 'ya'yan irinsu rumbun adana iri na Svalbard da ke ƙasar Norway.