Tarihin Zirin Canel: Daga Teburin Situdiyo Zuwa Allon Kwamfuta

A kan babbar mikisa ta situdiyo, mamurɗai da maɓallai suna jere ne layi-layi a tsaye, kowane layi tamkar ɗan'uwansa. Layi guda daga cikinsu shi ne abin da injiniyoyin sauti ke kira channel strip, wato zirin canel: hanyar da murya ɗaya ko abin kiɗa ɗaya ke bi tun daga makirufo har ya haɗu da sauran. A can sama akwai firiyam, wanda ke ƙara wa raunanan sautin makirufo ƙarfi. Daga nan sai matacin da ke zubar da gunji maras amfani, sai ikwalaiza mai ƙara ko rage kauri da tsinin murya, sai kwamfuresa mai danne wurin da sauti ya yi tsalle. A ƙasa kuma akwai feda, wadda ake turawa sama ko a ja ta ƙasa don daidaita ƙarfin wannan murya a cikin taron. Wannan jeri bai samu rana ɗaya ba. An shafe fiye da shekara hamsin ana ƙara masa gaɓa bayan gaɓa, kuma kowace gaɓa wata matsala ce ta haife ta.

Kafin 1925 babu mikisa ko kaɗan a wurin ɗaukar faifai. Mawaƙa da makaɗa suna taruwa ne gaban wani babban mazurari, ƙarfin sautinsu kawai ke girgiza allurar da ke zana faifai. Wanda muryarsa ta yi yawa sai a ce ya ja baya, wanda tasa ta yi ƙasa ya matso. Da tsarin ɗaukar sauti da lantarki na kamfanin Western Electric ya shigo a 1925, makirufo ya maye gurbin mazurari, aka kuma fara buƙatar na'urar da za ta haɗa makirufo fiye da ɗaya. Mikisocin farko na gidajen rediyo ba su da abin da ya wuce mamurɗin ƙara da rage ƙarfi. Ikwalaiza da kwamfuresa akwatuna ne daban, masu nauyi da tsada, ana jona su da waya ga muryar da ta fi buƙata kawai.

Manyan situdiyoyi su suka riƙa ƙera mikisocinsu da hannunsu. A Amurka, Bill Putnam, wanda ya kafa Universal Recording a Chicago kafin ya koma Hollywood, ya ƙera mikisa mai lamba 610 wadda kowane canel nata ɓangare ne mai zaman kansa. Idan ɗaya ya lalace ana tsakiyar aiki, sai a zare shi a sa wani. A Landan, injiniyoyin EMI sun yi mikisocin REDD masu aiki da bawul, masu karɓar makirufo takwas. A 1968 suka kawo TG12345 mai aiki da tiransista, wadda ke karɓar makirufo 24, kuma kowane canel da nasa kwamfuresan. Da ita ƙungiyar Beatles ta ɗauki kundin Abbey Road a 1969. Injiniyan ƙungiyar, Geoff Emerick, bai ɓoye cewa ganguna sun fi laushi a sabuwar na'urar fiye da yadda suke a tsohuwar ba. Tun daga lokacin aka fara gane cewa mikisa ba mashigi ba ce kawai, tana barin nata tambarin a kan duk abin da ya ratsa ta.

Babu wanda sunansa ya manne wa wannan tambari kamar Rupert Neve. An haife shi a Ingila a 1926, ya girma a Ajantina, ya kafa kamfaninsa a 1961, ya kuma ƙera mikisar tiransista ga situdiyon Philips na Landan a 1964. A 1970 kamfanin ya fitar da ɓangaren canel mai lamba 1073 don mikisar situdiyon Wessex. Abin da ke cikinsa ɗan kaɗan ne: firiyam, mataci, da ikwalaiza mai mamurɗai uku. Na sama a kafe yake a kan kilohaz 12, ba ya motsi. Na tsakiya yana da zaɓi shida, na ƙasa huɗu. Kwamfuresa ma babu. Amma sautin yana ratsa taransifomomi a shigarsa da fitarsa, kuma idan aka matsa musu sai su ƙara masa wani kauri da ɗumi da kunne ke so. A ma'aunin injiniya wannan gurɓata sauti ne, a kunnen mai sauraro kuwa daɗi ne. Ƙarancin zaɓin ma ya zama alheri, domin wuraren da aka kafe mamurɗan an zaɓe su ne da kunne, da wuya mutum ya murɗa su ya ɓata waƙa. A daidai wannan zamani kamfanin API na Amurka, inda Saul Walker ya jagoranci ƙira, ya fito da nasa salon mai kaifi da bugu, wanda masu ɗaukar ganga da jita suka so.

Yawan layukan tef ya riƙa hawa daga 4 zuwa 8, zuwa 16, zuwa 24, sai haɗa sauti ya zama aiki na daban da ake yi bayan makaɗa sun tafi gida. A nan ne Solid State Logic, wato SSL, ya shigo. Colin Sanders ya kafa shi a 1969 a yankin Oxford, kuma sana'arsa ta farko ita ce ƙera na'urorin sarrafa ogan na coci. Da yake yana da nasa ƙaramin situdiyon a ƙauyen Stonesfield, ya san wahalar aikin daga ciki. Mikisarsa ta SL 4000 B ta fito a 1976, sai SL 4000 E a 1979, wadda ita ce ta kammala siffar zirin da aka sani a yau: ikwalaiza mai ɓangare huɗu, kwamfuresa, da get mai rufe canel idan mai kiɗa ya yi shiru, duka a kowane layi. Kwamfutar da ke cikinta tana tuna motsin fedoji. Ba a jima ba aka ƙara tsarin Total Recall, wanda ke adana matsayin kowane mamurɗi ya nuna shi a allo, mataimakin injiniya ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya mayar. Kafin haka, da alƙalami da takarda ake rubuta su, ko a ɗauki hoton teburin.

Samun kwamfuresa da get a kowane canel ya sauya yadda waƙoƙi ke fita. A situdiyon Townhouse na Landan, injiniya Hugh Padgham ya ji gangunan Phil Collins ta cikin makirufon da mikisar SSL ta tanada don magana da makaɗa, wanda ke da kwamfuresa mai tsananin matsi. Aka haɗa wannan da get, aka samu bugun ganga mai fashewa da yankewa farat ɗaya, wanda ya fara bayyana a kundin Peter Gabriel na 1980 ya kuma mamaye kiɗan shekarun da suka biyo.

Sai kwamfuta ta karɓi aikin tef. Manhajar Pro Tools ta fito a 1991, kamfanin Waves ya fitar da ikwalaizarsa ta Q10 a 1992, Steinberg kuma ya kawo tsarin VST a 1996, wanda ya ba kowa damar rubuta fulogin, wato ƙaramar manhajar da ake jonawa cikin babbar. A 1999 waƙar Ricky Martin mai suna Livin' la Vida Loca ta hau matsayi na ɗaya a Amurka bayan an ɗauke ta an kuma haɗa ta gaba ɗaya cikin Pro Tools. Fulogin na farko-farko tsaf suke, ba sa ƙara komai, ba sa rage komai sai abin da aka umarce su. Nan da nan injiniyoyin da suka saba da tebur suka fara cewa sautin ya bushe. Suka kuma koka da wani abu da ba a cika ambata ba: an koma zamanin akwatuna daban-daban, kowace na'ura da nata tagar, sai an buɗe wannan an rufe wancan.

Amsar ita ce kwaikwayon tsofaffin na'urori da lissafi. 'Ya'yan Putnam sun farfaɗo da kamfanin mahaifinsu, Universal Audio, a 1999, suka fitar da katin kwamfuta na UAD-1 don wannan aiki a 2001. A 2006 Waves ya fitar da kwaikwayon zirin SSL 4000 da izinin kamfanin. Daga baya Brainworx na Jamus ya lura cewa a mikisa ta gaske babu canel biyu da suke daidai, saboda ɗan bambancin da ke tsakanin kayan cikinsu, sai ya sanya canel 72 mabambanta a cikin fulogin guda. Softube na Suwidin da shi kansa SSL sun ƙera ƙananan tebura masu mamurɗai na gaske don sarrafa fulogin da hannu.

Don haka mai haɗa waƙa a yau, a Landan yake ko a ɗakin situdiyo na Kano inda Cubase ko FL Studio ke riƙe da duka aikin, idan ya zo zaɓen zirin canel yana zaɓe ne tsakanin waɗannan gidaje. Gidan Neve na kauri ne da ƙarancin zaɓi, na API na bugu ne, na SSL kuma na gyara ne dalla-dalla da saurin aiki a kan layuka masu yawa. Akwai kuma irin su iZotope Neutron da ba sa kwaikwayon kowa. Babbar fa'idar zirin ba sunan da ke jikinsa ba ce, a'a, jerin ne: kayan aiki ɗaya a kowane canel, a wuri ɗaya, har hannu ya haddace su hankali ya koma kan sauraro. Wanda ya tara guda goma yana sauyawa kowace rana ya rasa wannan fa'ida.

Kwaikwayon yana da iyaka. Firiyam na gaske yana aiki ne lokacin ɗaukar murya, kuma abin da makirufo ko ɗaki ya ɓata a wannan mataki fulogin ba zai dawo da shi ba. Sannan waɗannan manhajoji sun gaji halin na'urorin da suka kwaikwaya wajen ƙarfin abin da aka zuba musu. Da yawansu an saita su ne su yi aiki daidai idan matsakaicin ƙarfin sautin da ke shiga yana kusan desibel 18 ƙasa da ƙololuwar ma'aunin kwamfuta. Idan aka wuce nan sosai, kaurin da ake nema sai ya koma dushewa da tsagewa, musamman a kan murya da bes.